Tsohuwar Majami'ar Amsterdam: yadda ƴan kasuwa suka hana a fasa abin kiɗan garinsu

Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban mai atamfa a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ta san sunan Holan, domin ƴar Holan ce ake fara tambaya idan biki ya taso. To, yau ƙasar da kanta za mu leƙa, mu shiga babban birninta Amsterdam, mu tsaya gaban ginin da ya girmi kowane gini a garin. Mutanen ƙasar suna kiransa Oude Kerk, wato Tsohuwar Majami'a. Ɗakin ibada ne na Kiristoci da ya haura shekara 700, amma a yau yawancin masu shiga cikinsa kallo ne da sauraren kiɗan ogan ke kai su. Abin da ya sa muka kawo muku labarin shi ne, tun daga tushensa har zuwa kiɗan da ake yi a ciki, akwai hannun fatake da ƴan kasuwa. Su suka gina shi, su suka cika shi da hayaniyar ciniki, kuma su ne suka tsaya kai da fata ranar da aka ce a cire abin kiɗan a jefar.

Garin masunta da takardar duwan

A cikin ƙarni na 13, Amsterdam ƙauyen masunta ne a bakin wani kogi mai suna Amstel, inda mutane suka yi madatsar ruwa don kada ambaliya ta cinye musu gidaje. Daga sunan kogin da na madatsar aka samo sunan garin. Ran 27 ga watan Oktoba na 1275, sarkin yankin, Floris na Biyar, ya ba mazauna wurin takardar da ta yafe musu biyan kuɗin fito a kan hanyoyin ruwan ƙasarsa. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi: wanda ba ya biyan duwan zai iya karya farashi ya kuma ci riba. Wannan takarda ita ce mafi daɗewa da ta ambaci sunan garin, kuma daga ranarta ne aka ƙirga shekara 750 da birnin ya yi bikin cikawa a 2025.

Masuntan sun fara da wani ɗan ɗakin ibada na katako. Da arziki ya ƙaru sai aka maye shi da ginin jan bulo, wanda babban limamin Katolika na birnin Utrecht ya keɓe a 1306 da sunan waliyyi Nikola, wanda Kiristocin Turai suke ɗauka majiɓincin matuƙan jiragen ruwa da ƴan kasuwa. Ƙasar wurin taɓo ce, ba ta riƙe nauyi, saboda haka sai da aka kafa turakun itace a cikin laka kafin a ɗora bango. Daga nan kowane zamani ya ƙara nasa: wani ya faɗaɗa gefe, wani ya ɗaga rufi, wani ya jingina sabon ɗaki, har faɗin ginin ya kai kusan murabba'in mita 3.300. Rufin ma da katako aka yi shi domin ya fi dutse sauƙi, kuma har yau yana nan. Da aka fara wata babbar majami'a a tsakiyar gari a farkon ƙarni na 15, sai mutane suka riƙa ce wa waccan Sabuwa, wannan kuma Tsohuwa, suna ya bi ta. Gobara ta cinye babban ɓangare na garin sau biyu, a 1421 da 1452, amma ginin ya tsira.

Kuɗin ginin daga ciniki ya fito. Mutanen Amsterdam suna sayar da kifin teku mai gishiri cikin ganguna, suna sauke giya daga Hamburg ta ƙasar Jamus, suna kuma jigilar hatsi da katako daga ƙasashen tekun Baltik. Kowace ƙungiyar masu sana'a tana da nata wurin addu'a a cikin majami'ar, ita ke ɗaukar nauyin fitilunsa da adonsa, har yawan waɗannan wurare ya wuce 30. Fataken da ke hulɗa da Hamburg suna da ɗakinsu na musamman, wanda har yanzu da sunan Hamburg ake kiransa. Can sama a jikin bango kuma akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, wanda sai da tsani ake hawa. A nan ne hukumar gari ta ɓoye muhimman takardunta na tsawon ɗaruruwan shekaru, har da waccan takardar yafe fito ta 1275.

Zauren gari

Kada mai karatu ya zaci wuri ne na shiru kamar yadda yake a yau. Ƙasar Holan ƙasa ce ta ruwan sama da iska mai sanyi, kuma majami'ar ita ce babban rufin da kowa ke iya shiga ba tare da an tambaye shi ba. Masunta suna ɗinkin tarunsu a ciki, ƴan koli suna baza kaya, marasa gida suna kwana, masu neman labarin jirgin da ya daɗe bai dawo ba su ma nan suke zuwa. Shi ya sa ake yi mata kirari da ɗakin zaman Amsterdam, kamar yadda zaure yake a gidan mai gari.

Ko masassaƙan da suka yi kujerun limamai a wajen 1480 ba su manta da halin garinsu ba. A ƙarƙashin kujerun sun sassaƙa hotunan karin maganar mutanen ƙasar. Ɗaya daga ciki yana nuna wani mutum a tsugune, tsabar kuɗi na zubowa daga bayansa, abin nufi shi ne ba ta nan kuɗi ke fitowa ba, sai an nema. Duk uwar da yaro ya dama da roƙon kuɗin kashewa ta san wannan magana.

Shekarar da aka fasa gumaka

A ƙarni na 16 Kiristocin Turai suka rabu biyu. Waɗanda ake kira Furotesta suka yi tawaye ga Fafaroma, suka ce gumaka da hotuna da yawan ado a wurin ibada ba su da tushe. A lokacin Holan tana ƙarƙashin sarkin Sipaniya, Filip na Biyu, wanda ɗan Katolika ne mai tsanani. A watan Agusta na 1566 tarzoma ta iso Amsterdam, jama'a suka kutsa cikin Tsohuwar Majami'a suka farfasa gumaka. Wata mata mai suna Weyn Ockers an zarge ta da jifan gunkin Maryamu da takalminta. Da hukumar sarki ta dawo da ƙarfinta, sai aka kama ta, aka kashe ta a 1568 ta hanyar nutsar da ita cikin gangar ruwa a dandalin gari.

Amsterdam ta daɗe tana bayan sarkin Sipaniya alhali garuruwan da ke kewaye da ita sun bi ƴan tawaye. Wannan ya jawo mata toshewar hanyoyin ruwa, ciniki ya mutu, manyan fatake da yawa suka yi hijira. Da abin ya kai maƙura, ran 26 ga watan Mayu na 1578, aka tattara shugabannin gari na Katolika da limamansu, aka zuba su cikin jiragen ruwa, aka fitar da su daga gari ba tare da an zubar da jini ba. Sabuwar majalisar gari ta hau, kuma akasarin ƴaƴanta ƴan kasuwa ne Furotesta. Tsohuwar Majami'a ta koma hannun sabuwar ɗariƙa, aka kwashe sauran wuraren addu'ar ƙungiyoyi, daga baya aka shafe zanen da ke jikin rufi da fenti. Abin da ya rage na ado shi ne waɗansu tagogin gilashi masu launi na 1555, da kujerun nan masu karin magana, da kuma ogan.

Mene ne ogan?

Ogan, wanda masu jin Faransanci suka sani da orgue, shi ne mafi girman abin kiɗa a Turai. A taƙaice sarewa ce, amma ba ɗaya ba: ɗaruruwa ne ko dubbai, a jere cikin wani babban akwatin katako da ke manne da bango. Kowane bututu murya ɗaya yake fitarwa. Waɗansu ba su fi ɗan yatsa ba, waɗansu kuma sun fi mutum biyu ko uku tsawo. Ana yin su da haɗin kuza da dalma, waɗansu da itace. Tun da babu bakin da zai iya hura su duka, sai aka yi musu manyan zugazugai irin na maƙeri, suna tura iska cikin wani akwati da bututun ke zaune a kansa. Idan makaɗi ya danna maɓalli, sai wata ƴar ƙofa ta buɗe, iska ta shiga bututun da ya dace. Yana kaɗawa da hannu biyu a kan jerin maɓallai, yana kuma taka waɗansu da ƙafa, ga waɗansu marikai a gefe da yake ja don ya zaɓi irin muryar da yake so. A da, sai an ɗauki mutane suna taka zugazugan muddin ana kiɗa, idan suka gaji kiɗa ya mutu. Yanzu injin lantarki ke wannan aiki.

Irin wannan kaya ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Babban ogan ɗin da ke majami'ar a lokacin, wani gwani mai suna Hendrik Niehoff ne ya ƙera shi a wajen 1540, kuma mutanen gari suna alfahari da shi.

Limamai sun ce a cire, majalisa ta ce a'a

Limaman sabuwar ɗariƙa, masu bin koyarwar Kalbin, suna ganin ogan abin shagala ne da aka gada daga Katolika. A manyan tarukan da suka yi a garin Dordrecht a 1574 da 1578, sun yanke cewa a daina kaɗa shi a wurin ibada, har ma a cire shi daga majami'u. Amma a nan ne lissafin ɗan kasuwa ya shigo. Bayan juyin 1578, ginin da abin da ke cikinsa suna ƙarƙashin ikon hukumar gari ne, ba limamai ba. Ƴan majalisa suka duba suka ga dukiya ce da kakanninsu suka biya, kuma ba su ga dalilin da zai sa a narkar da ita a sayar da dalma ba. Sai aka raba gardama: a lokacin addu'a ogan zai yi shiru, jama'a su rera zabura da bakinsu kawai, kafin addu'a da bayanta, da sauran ranakun mako, ogan na gari ne, kuma gari ne zai biya makaɗi.

Makaɗin da ya ci wannan gajiya wani saurayi ne, Jan Pieterszoon Sweelinck, ana faɗin sunan kamar Suwelinki. An haife shi a 1562. Ubansa shi ne makaɗin majami'ar har ya rasu a 1573, shi kuma ya hau kujerar a wajen 1577 yana ɗan shekara 15. Ya fara da albashin gulden 100 a shekara, daga baya aka ninka masa, kuma da ya yi aure a 1590 hukumar gari ta ƙara masa, ta kuma ba shi gidan zama ba haya. Wato ma'aikacin magajin gari ne, kamar mai gadin ƙofa ko mai awon hatsi. Ya yi shekara 44 a wannan aiki har ya rasu ran 16 ga watan Oktoba na 1621, aka binne shi a cikin majami'ar. Ɗansa Dirck ya gaje shi, kujerar ta zauna a gida ɗaya zuriya uku.

Su wa ke sauraro? Duk wanda ya shigo, ba a biyan ko dala. A waɗannan shekaru fataken Amsterdam ba su da ginin hada-hada na kansu. Suna taruwa a kan titi da kan wata gada kusa da tashar jiragen ruwa, idan ruwa ya sauko kuma su fake a ɗakunan ibada, har da Tsohuwar Majami'a. Saboda haka mutum yana iya yin cinikin jirgin hatsi a gindin ginshiƙi, kiɗa na sauka a kansa daga sama. Sai a 1611 aka buɗe musu gidan hada-hadarsu. Shugabannin garuruwan Holan suna kuma ganin cewa gara mutane su yi yawon maraice a majami'a suna jin kiɗa da su tare a gidajen giya. Wannan al'ada tana cikin mafarin abin da a yau ake kira taron kiɗa na jama'a a Turai, inda talaka ke jin gwanin makaɗi ba sai an gayyace shi fadar sarki ba. Limaman Amsterdam ba su yarda ogan ya raka waƙar ibada ba sai a 1680, fiye da shekara 100 bayan gardamar farko.

Sunan Sweelinck ya kai har Jamus. Garuruwa suna turo masa samari su koyi sana'a, kamar Samuel Scheidt daga Halle da Heinrich Scheidemann daga Hamburg. Wanda ya gaji Scheidemann a Hamburg, Reincken, shi ne tsohon da Johann Sebastian Bach, babban mawallafin kiɗan Jamus, ya yi tattaki don ya saurara. Ƙasar Holan ba ta manta da shi ba: a 1971 ta buga hotonsa a kan takardar kuɗi ta gulden 25. Da lissafin canjin da aka yi lokacin da yuro ya maye gurbin gulden a 2002, takardar ta kai kusan jika bakwai da rabi na kuɗinmu.

Kaburburan da ake saye da sayarwa

Wanda ya shiga majami'ar a kan kaburbura yake tafiya, domin daɓen duka duwatsun kabari ne, kusan 2.500, kuma an ƙiyasta mutum 10.000 ne ke kwance a ƙarƙashinsu. Sai a 1865 aka daina binne mutane a ciki. Kabari a nan dukiya ce kamar rumfar kasuwa: ana saye, ana haya, ana gado, ana sayarwa. Shahararren mai zanen nan Rembrandt ya binne matarsa Saskia a nan a 1642, tana da shekara 29. Da bashi ya yi masa katutu, sai ya sayar da kabarin a 1662. Shi kansa da ya rasu a 1669, a kabarin haya aka sa shi a wata majami'ar, ba ko suna a kai.

Ba duk dukiyar da ke kwance a ƙarƙashin daɓen nan ce mai tsabta ba. A cikin manyan da aka binne akwai shugabannin kamfanonin da suka yi fatauci a ƙasashen nesa, har da kamfanin Holan na yammacin duniya, wanda ya ƙwace gidan yaƙin Elmina a gaɓar Gana ta yau a 1637, ya mai da shi tashar lodin bayi zuwa Amurka. A ƙarshen 2022 wani mai fasaha ɗan Tamale a arewacin Gana, Ibrahim Mahama, ya baje aikinsa a cikin majami'ar. Ya kwaikwayi siffar duwatsun kabarin da ta daɓen gidajen bayi na gaɓar Gana, ya jera su wuri ɗaya, domin mai kallo ya ga hanyar da ta haɗa wuraren biyu.

Gini ba ya riƙe kansa

Ogan ɗin da Sweelinck ya kaɗa ba ya nan. Wanda ake ji a yau, Christian Vater na Hannover ne ya ƙera shi tsakanin 1724 da 1726. Ba a daɗe ba hasumiyar da yake jingine da ita ta fara nutsewa cikin taɓo, dole a 1738 aka kwance shi don a gyara tushe. Caspar Müller ya sake haɗa shi ya ƙara masa muryoyi, ya gama a 1742, shi ya sa ake kiransa da sunayen mutum biyu, Vater-Müller. A wajen 1870 wani maƙerin, Witte, ya sauya masa amo daidai da kunnen zamaninsa. Yana da jerin maɓallai uku na hannu da ɗaya na ƙafa, da dubban bututu.

Ginin ma ya kusa tafiya. A 1951 aka rufe shi saboda tsoron kada ya rufta da mutane. Masu ibada sun ragu, gyaran kuma ya fi ƙarfin aljihunsu, saboda haka a 1955 suka miƙa shi ga wata gidauniya da aka kafa don kula da shi. An yi shekara 24 ana aiki, sai a 1979 aka sake buɗewa. A cikin wannan gyara ne aka kankare fenti, tsofaffin zanen rufi suka sake bayyana, har da hotunan jiragen ruwa. Shi kuma babban ogan, masana sun daɗe suna gardama ko a mai da shi yadda yake a 1742 ko a bar shi da gyaran 1870. A ƙarshe aka zaɓi a riƙe shi yadda zamani ya kawo shi, kamfanin Reil ya yi aikin daga 2015 zuwa 2019.

A yau majami'ar tana tsakiyar unguwar da ta shahara da mashaya da ɗakunan mata masu zaman kansu, abin da ya samo asali tun zamanin da ma'aikatan jirgi ke sauka da kuɗi a aljihu. Ran Lahadi ƴan Furotesta suna ibadarsu a ciki. Sauran ranaku gidan kallo ne da ake shiga da tikiti, ana baje ayyukan masu fasaha, ana kuma shirya tarukan kiɗan ogan da makaɗa daga ƙasashe dabam-dabam ke zuwa. Kuɗin tikiti da hayar zaure da tallafin hukuma da gudummawar masu hali su ke biyan masu gyaran rufi da masu daidaita muryar bututu. Daga hasumiyar kuma, wadda ta kusa mita 70, ƙararrawar da François Hemony ya zuba a 1658 tana ci gaba da sanar da mutanen unguwa lokaci.

Da ƴan majalisar 1578 sun bi umurnin cirewa, da an sami ƴan ganguna na dalma an sayar, kuɗin ya ƙare cikin shekara. Sun zaɓi su biya albashin yaro ɗaya su bar ƙofa a buɗe, ga shi bayan fiye da shekara 440 mutane suna biyan kuɗin jirgi daga nesa don su zauna a kan kaburburan fataken nan su saurari ogan. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.